Daga Barmu Zuwa Zariya da Jariri da Kwalba

Tun ranar da muka dawo ban huta da tambaya ba. In na je rijiya a tare ni, in na je barka a tare ni. Har wadda a da ba ta amsa gaisuwata sai da ƙyar, yanzu ita ke shimfiɗa mini tabarma tana cewa, Zali, ba mu labarin Najeriya. Bakina ya gaji. Don haka na roƙi malamin lakkol, wato makarantar boko, ya zauna da alƙalaminsa, in faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wadda ta ƙara tambayata, sai ta je a karanta mata.

Ba buɗe ido na je yi ba. Rabi, 'yata ta uku, ita ce ta dawo gida Barmu haihuwar fari, kamar yadda ake yi. Mijinta Isuhu baduku ne a Tawa. Ta sauka lafiya a farkon damina, shekara ta huɗu da samun mulkin kai, ta sami namiji, aka raɗa masa Ibrahim, muna ce masa Iro. Ni kuwa maigidana nake kiransa, kamar kowace kaka da jikanta.

Abin da ya cuce mu shi ne yabo. Mata su zo barka, su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, ba wadda ya jiƙa wa zane. Sai ka ji ana cewa wannan yaro akwai tsabta, ba a taɓa ganin irinsa ba. Cikinsa ya fito tim, aka ce nonon uwa ne ya karɓe shi. Ni ma na yi ta taƙama, ba zan ɓoye ba. Alhali na yi wa jarirai wanka ba iyaka a garin nan, na san ɗa namiji da ya ji ruwan ɗumi sai ya harba fitsari sama. Iro kuwa sai ya yi ta nishi, fuska ta yi ja, sannan ɗigo biyu ko uku su fito. Na gani da idona, amma sai na ce turi yake so, wato jiƙon da zai turo fitsarin. Na jiƙa masa saiwa na yi ta ɗura masa safe da yamma. Da abin ya ƙi, aka kira wanzami ya yi masa tsaga uku a mara.

Mako guda bayan suna zazzaɓi ya rufe shi. Ya fara amai, nono ma sai ya kama ya saki. Na kwantar da shi a cinyata na latsa, na ji mara tauri kamar ƙwarya, can gefe da gefe ƙarƙashin haƙarƙari kuma wani abu ya taso, dama da hagu. A nan ne na ce sai an kai shi Tawa.

Mijina, Malam Sa'idu, ya ce a dakata. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, sanyi zai shige ta, ga shi kuma ana tsakiyar noman fari, ba namijin da zai bar gona. Ban yi masa gardama mai tsawo ba. Na ce yaron nan ba zai kai arba'in ba, shi ya riƙe gona, ni zan riƙe hanya. Wankan jego kuwa na ɗauki alkawari ba za a fasa ko sau ɗaya ba, ko a ina muka kwana. Na ɗaure garin gero da kanwa da cuku, na yanko damin ganyen sabara na wanka, aka ɗora Rabi a jaki, ni na goya Iro. Muka fita da sassafe, muka shiga Tawa da la'asar.

Mu nan gidan magani muke ce wa likita. To, washegari muka je likitar Tawa. Majo, wato babban mai jinya, wani dogon mutum ne daga Damagaram. Yana taɓa cikin yaron sai ya bar sauran mutane a layi ya kira Bature. Baturen ya zo ya lallatsa, ya ɗauko wani ɗan siririn tiyo ya zura ta gaban yaron. Na juya kai, don ban iya kallo ba. Da na waiwayo, tasa ta kusa cika da fitsari mai duhu, cikin kuma ya sace. Iro ya yi ajiyar zuciya irin ta babban mutum, ya kama nono.

Majo ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce in tuna lambun albasa: in bakin hanyar ruwa ya toshe, ruwan baya yake komawa har ya ɓata inda ya fito. Fitsarin yaron bai sami hanya ba, ya cika mafitsara, ya koma sama ya kumbura ƙoda duka biyu. Sannan ya tambayi wa ke ba shi jiƙo. Na ce ni ce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai duk abin da na ɗura, ƙari na yi wa abin da ba shi da mafita. Ranar na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba, don da hannuna na yi, ina ganin taimako nake yi.

Suka ce tiyon na hanya ne kawai, ba ya wuce 'yan kwanaki, aiki yaron yake bukata. Mai yin irin wannan aikin a Yamai ya tafi ƙasarsu hutu, sai bayan damina. Amma Baturen ya san wani a Zariya, ya rubuta masa takarda. Majo ya manne tiyon a cinyar yaron da filasta, ya sa ɗaya bakin a kwalba, ya ja mini kunne: kada kwalbar ta taɓa hawa sama da yaron, kada a ja tiyon, kada a ba shi komai sai nono. Ban san inda Zariya take ba. Na ce ko bayan duniya ce, a nuna mini motar da za ta.

Yanzu ku dubi ayarin da na ja, don a Tawa Isuhu ya shigo cikinmu. Isuhu surukina ne, ba ya haɗa ido da ni, in zai yi mini magana sai ya durƙusa ya kalli ƙasa. Iro kuma ɗan fari ne, don haka uwar da uban ba mai kallonsa a gaban mutane, balle ya ambaci sunansa. Rabi in za ta ba shi nono sai ta lulluɓe kai ta juya bango, kamar ɗan wata aka ba ta aro. Ni na koya mata wannan kunyar, kuma a Barmu abin yabo ce. Amma a kan hanya sai ga manya uku da baki ɗaya. Ni ke riƙe yaro, ni ke riƙe kwalba, ni ke tambayar hanya, ni ke faɗa.

Faɗan farko da direban motar Ƙonni na yi shi. Motar cike take da fatu, ya ce mu hau sama. Na ɗaga masa gefen zane ya ga tiyo da kwalba, na tambaye shi ko shi zai iya hawa saman kaya da wannan. Ya sauke wani ɗan kasuwa daga gaba ya ba mu wurin, Isuhu ya hau kan fatu. Ɗan kasuwar ya yi ta gunaguni har Badagishiri, ni ko kallo bai ishe ni ba.

A Badagishiri ruwa ya tare mu. Ƙorama ta kawo, an sa shinge, aka ce ba mai wucewa sai ta janye. Tun hantsi muke zaune har rana ta karkata. Da na ga lokacin wanka zai wuce, na shiga gidan da ya fi kusa, na yi sallama na ce mai jego gare ni. Matar gidan ba ta tambayi ko daga ina muke ba, ta sauke tukunyar tuwonta ta ɗora mana ruwa. Wannan abu na gan shi har Zariya. Ka ce kai baƙo ne a ƙyale ka, ka ce yunwa kake ji a ce Allah ya ba da haƙuri, amma ka ce mai jego gare ka, kowace mace sai ta tashi tsaye.

Muka kwana Ƙonni gidan wani abokin sana'ar Isuhu. Da safe jandarma ya buga wa takardarmu hatimi, 'yan duwan, wato kwastan ɗinmu, suka leƙa kayanmu suka ce mu wuce. Ni ina ta dubawa in ga iyakar da ake faɗa, ko ganuwa ce ko rami. Ashe itace ɗaya ne aka gitta a hanya, gero a wannan gefe, gero a wancan gefe, kuma irinsu ɗaya. A Illela ta Najeriya wani ɗan kwastan mai gajeren wando da doguwar safa ya hango ina ɓoye abu a ƙasan zane. Ya ce in fito da shi. Na ce ba ya fitowa. Ya ce turare ne ko giya, ya san halin mutanen Faransa, don haka suke kiranmu a can. Na ce to ya sunkuyo ya shinshina da kansa, amma kada ya ɗaga. Ya sunkuyo. Da ya gane abin da ke ciki, ya bi tiyon da ido har inda ya ƙare. Shi da kansa ya tsayar mana da motar Sakkwato.

Motar na tashi na ga direba ya koma hannun hagu ya miƙe. Na yi salati na ce wa Rabi mun shiga hannun mahaukaci. Da na ga mota ta taho ta wuce ta damanmu lafiya, na gane ƙasar ce duka haka take tafiya. Har muka baro ta ban saba ba.

Sakkwato ba ta yi mini baƙunta ba, maganarsu kusan tamu ce. Abin da ya dame ni a can Isuhu ne. Muna sauka daga mota na ga ya dafa bango. Sai a lokacin na lura tun Tawa ban ga ya kai loma baki ba. Ba ya ci a gabana, ni kuma ko'ina ya juya ina nan. In na miƙa masa fura sai ya durƙusa ya ce ya ƙoshi. Na dama fura da cuku a ƙwarya, na dire a gabansa.

Na ce, "Ɗan nan, in ka hwaɗi, wa za ni goyawa, kai ko shi? Ga bayana na ba ka. Ba ni juyowa sai na ji ƙwarya ta yi ƙara."

Na juya na fuskanci bango. Ba a daɗe ba na ji ana kankare gindin ƙwarya. Daga ranar haka muka riƙa yi, in lokacin ci ya yi in ba shi baya, shi ma ya ba ni baya.

Tsakanin Sakkwato da Gusau ne abin da nake tsoro ya faru. Hanyar duk gargada ce, ga zafi, gumi ya sa filasta ta saki ban sani ba. Bayan Talatar Mafara motar ta faɗa wani rami, na yi gaba, kwalba ta yi baya. Da na duba, ga tiyo a cinyata. Na yi kwana uku ina riƙe da kwalbar nan har hannuna ya sandare, rami ɗaya ya raba ni da ita. Na so in yi kuka, amma na ga Rabi ta ƙura wa tiyon ido ta ƙasan lulluɓi, sai na haɗiye. A Gusau muka nufi gidan magani kai tsaye. Mai jinyar ya duba kayansa duka, ya ce ba shi da tiyo siriri haka, manyan kuwa za su yi wa yaron rauni. Ya ce kada mu tsaya neman mota, jirgin ƙasa zai tashi da safe, mu bi shi.

Wata Hajiya Asabe mai sayar da tuwo a bayan tashar jirgi ita ta sauke mu. Mace ce mai faɗa da ma'aikatanta, mai taushi ga baƙo. Ta ɗora ruwan wanka tun ban roƙa ba, ta kawo mana doya da miya ja wur. Na zaci jini ne ko barkono, ta ce manja ne, a kudu ake samunsa. Doyar ba laifi, amma ka ci ka ƙoshi, cikinka na tambayar ina abincin. Ni dai ban ci da yawa ba. Na zare zare ɗaya daga bakin zanena na auna cikin Iro, na ƙulla daidai inda ya haɗu.

Jirgin ƙasa kuke ta tambayata. To, ɗakuna ne aka jera aka ɗaure, wani baƙin abu mai hayaƙi yana ja. Da ya yi kuka na farko sai da na kama hannun wata mata da ban sani ba. A kowace tasha mata na miƙo ƙosai da rake ta taga. Fiye da haka ba zan iya ba ku labarinsa ba, don idona ba a waje yake ba. A tashar farko zaren ya haɗu da ƙyar. Kafin Funtuwa sai da yatsa biyu suka shiga tsakanin bakin zaren da ƙullin. Iro ya bar kama nono. Ya yi ta wani siririn kuka, daga baya ya daina, kuma shirun ya fi kukan tsoratar da ni. Isuhu na tsaye a bakin ƙofa ya ba mu baya, amma ina ganin leɓensa na motsi. Na riƙa yi wa maigidana magana a kunne, ina ce masa bai isa ya sake ni a cikin jirgin mutane ba, bai ko yi mini zanen sallah ba.

Muka isa Zariya bayan azahar. Su can asibiti suke cewa. Takardarmu da Faransanci aka rubuta ta, aka yi ta juya ta hannu zuwa hannu, sai da aka samo wata sista da ta iya karantawa. Tana gamawa aka shigar da mu da sauri. A bakin ɗakin likita nas ta tare ni, ta ce doka ce, uwa kaɗai ke shiga da yaro. Na ce ni ce na san ciwon. Ta ce ni na haife shi? Ta karɓe shi daga hannuna ta ɗora wa Rabi, ta rufe ƙofa.

Na zagaya ta baranda na sami taga a buɗe. Likitan wani dattijon Bature ne, nas na yi masa tafinta. Yana wanke hannu yana tambaya: yaya sunan yaron, yaushe abin ya fara, sau nawa yake fitsari, yaushe rabonsa da nono. Rabi ta sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, shiru. Na ga likitan ya dubi nas, nas ta dubi Rabi da wani irin kallo, ta ce, "Ke, ba ɗanki ba ne?" Yaron na kwance a kan tebur ba ya motsi, ana ɓata lokaci a kan tarbiyyar da ni na yi. Sai na cusa kai ta tagar.

Na ce, "Rabi, nan ba Barmu ba ta. Ba kowa nan sai ni, ni ko na ɗauke miki. Hwaɗa musu."

Ta ɗaga kai. Sannan ta ce, a hankali, "Sunanai Ibrahim."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta ce tun kwana biyu da haihuwa ta lura, ba ranar suna ba kamar yadda nake zato. Ta ce in mun fita daka sai ta taɓa tsummansa ta ji ko ya jiƙe, bai taɓa jiƙa fiye da tafin hannu ba. Ta ce gefen dama ne ya fara tasowa, na hagu ya biyo bayan kwana huɗu. Ta faɗi ranar da fitsarin ya canza launi, ta faɗi tashar da ya kama nono na ƙarshe, ta ce ja uku ya yi ya saki. Likita na ta rubutawa. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi ba, ashe ta fi ni sanin komai, kunya ce ta hana ta faɗa mini, ni kuma ban taɓa tambayarta ba. Na tsaya a tagar nan na yi kukan da na riƙe tun Mafara.

Aka mayar masa da tiyo nan take, aka yi ta yi masa allura kwana da kwanaki har zazzaɓin ya sauka, aka ɗauki hoton cikinsa. Likita ya nuna mana hoton a jikin fitila. Ya ce wata 'yar fata ce siririya ta tare hanyar fitsari daga ciki, da ita aka haife shi. Ba maye ba ne, ba abin da uwar ta ci ba ne, ba laifin kowa ba ne. Yaron ya yi ƙanƙanta a cire ta yanzu, don haka za a buɗe masa 'yar ƙofa ƙasan cibiya, fitsari ya riƙa fita ta nan, ƙoda ta huta. Isuhu ya dangwala yatsa a takarda, aka shiga da shi. Ranar ban zauna ba, na auna barandar nan da ƙafa har aka fito da shi yana numfashi.

Mako biyar muka yi a Zariya, a can Rabi ta yi arba'in. Wata tsohuwa a Tudun Wada ta ba mu ɗaki. Ku da kuke cewa jegonmu da wuya, ku je ku ga nasu. Gadon ƙasa gare su, a hura wuta a ƙarƙashi, mai jego ta kwanta a kai har fatarta ta yi ja, kunun kanwarsu kuwa harshe ba ya ɗauka. Tsohuwar ta so ta ɗora Rabi a kai, na ce mun gode, mu gasa nama kawai muka iya. Furarsu tsararo ce, kuma ba abinci suka ɗauke ta ba, sai tuwon dawa dare da rana. Ruwan sama kusan kullum, ciyawa ta fi mutum tsawo, na yi ta tuna awakinmu. Matan birni ba su zuwa rijiya balle gona. In na buɗe baki na ce mi kac ce, sai yara da manya su kwashe da dariya. Na ce su yi ta yi, ni ma tasu maganar a kunnena kamar ta mai mura take.

Isuhu ma ya yi abin da ban zata ba. Ƙofar da aka buɗe wa yaron kullum tana ɗiga, tsumma ba ya zama a wurin. Ya zauna gindin mangwaron asibiti da basillarsa, ya sami fatar akuya mai laushi, ya ɗinka ɗan ɗamara mai aljihu da za a riƙa sa tsumma a ciki ana canzawa. Bai auna cikin yaron ba, bai ko matso kusa ba, amma da aka ɗaura ta zauna daidai. Nas ɗin da ta hana ni shiga ita ce ta riƙa yawo da ita tana nuna wa sauran.

Dawowa ba ta da labari, hanyar da ta kai mu ita ta maido mu. Muka tarar gero ya fitar da kai. Mutane suka fito taryarmu a hankali, ba mai son ya fara tambaya, sai da suka ga ƙafa biyu na lilo a bayana sannan aka yi guɗa.

To, ga amsar tambayar da kuka fi yi mini. Iro bai warke ba. Yana zaune yanzu, ya yi kumatu, yana jan kunnen duk wanda ya ɗauke shi, amma aikin rabi aka yi. Likita ya ce ƙodar hagu ta farfaɗo, ta dama kuwa ta sha wuya ƙwarai, bai san ko za ta dawo ba. Ya ce in damina biyu ta wuce, yaron ya taka, a mayar da shi a cire fatar nan a rufe ƙofar. Bai yi mana alkawarin komai ba. Abin da ya tabbatar kawai shi ne, in ba a mayar da shi ba, abin da aka ceto ma zai iya lalacewa. Malam Sa'idu na cewa Allah ya riga ya yi, a bar yaro ya huta da wuƙa. Wasunku ma na ji kuna faɗin haka a rijiya. Ni dai takardar komawa tana ƙasan akwatina a cikin fata, kuma za a koma.

Makon jiya na je Tawa ganinsu, don Rabi ta koma ɗakinta. Tun dawowarmu ƙafafuna ke kumbura, ranar kuwa sai da aka kama ni aka sauke daga jaki, na daɗe zaune a ƙofar gida kafin numfashina ya daidaita. Rabi ta gani. Ta kawo ruwa, ta kawo fura, ta zauna tana canza wa yaron tsumma. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta tambaye ni wace takarda ake fara nunawa a Ƙonni, ta jandarma ko ta likita. Na faɗa mata. Ta tambayi inda ake samun motar Gusau a Sakkwato. Na faɗa mata.

Ta ce, "Inna, matar nan ta bayan tashar jirgi, mi as sunanta?"

Na ce Hajiya Asabe. Ta maimaita sau biyu a hankali. Ban tambaye ta dalili ba, don ni ma na ga ƙafafun nawa. Na ce ta matso kusa, muka faro hanyar tun daga Tawa.